Gaskit ɗin manifol da ake ta canjawa yana sake ɓullewa: ina matsalar take?

Tambaya: Motata ta kwana biyu, injin fetur ne mai silinda huɗu. Da safe idan na tayar da ita sai in ji tik-tik-tik daga wajen manifol ɗin salansa, idan injin ya yi zafi ƙarar ta ragu. An canja gaskit, ta yi shiru na 'yan makonni, ƙarar ta dawo. An sake canjawa har da shafa gam, ga shi yanzu ta sake dawowa, har warin hayaƙi nake ji a cikin mota. Gaskit ɗin ne jabu, ko akwai wani abu?

Amsa: Malam, bari in fara da warin hayaƙin nan, don shi ne abin da ba ya jira. Hayaƙin da ke fita a ƙarƙashin bonet yana bin ramukan iska ya shigo wurin zama, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da wari ba ta da launi. Warin da kake ji na sauran abubuwan da suka rako ta ne. Ciwon kai, jiri da gyangyaɗi a kan sitiyari su ne alamunta. Kafin a gama gyaran nan kada ka zauna cikin motar tana silo gilasai a rufe, kada ka bar yara a ciki injin yana aiki, kada kuma a tayar da ita a rufaffen gareji.

To, zancen gaskit, wato fallen da ake sawa don toshe yoyo tsakanin injin da manifol, ƙarfen da ke tattara hayaƙin kowace silinda ya kai shi bututun salansa. Yana iya zama jabu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma idan aka saka sabo ya yi shiru na ɗan lokaci ya ɓulle, aka sake sakawa ya sake ɓullewa, to ba a nan gizo ke saƙa ba. Gaskit ba ya riƙe kansa. Ƙarfe biyu ne ke matse shi, fuskar manifol da fuskar tof silinda, wato kan injin da ke rufe saman silinda, notuna kuma su ne ke ba su ƙarfin matsewar. Muddin matsin nan ya kewaye kowace ƙofa daidai wa daida, ko gaskit mai matsakaicin kyau zai yi shekaru. Da zarar ya saki ta gefe guda, hayaƙi mai zafi zai sami 'yar hanya, ya riƙa cin ta kullum har ta buɗe. Saboda haka abin da za a bincika shi ne me ke sa matsin yake saki.

Don ka gane, dubi wahalar da manifol ke sha. A tsofaffin injina yawanci ƙarfen zubi ne, kuma idan mota na jan kaya ko hawan tudu zafinsa kan kai digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyas. Tof silinda da yake manne da shi kuwa ruwan lagireto na zagaya shi, zafinsa bai cika yin nisa da digiri 100 ba sai daf da ƙofofin hayaƙi. Ƙarfe idan ya yi zafi yana miƙewa. Manifol mai tsawon santimita 40 da ya ƙaru da digiri 600 zai ƙara tsawon da ya haura milimita biyu, shi kuwa tof, ko na alminiyam ne da ke miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi a zafi ɗaya, ƙarin da zai yi bai kai milimita ɗaya ba, don bai yi zafin da manifol ya yi ba. Ma'ana, duk lokacin da ka tayar da mota ta yi zafi ta huce, manifol sai ya goga jikinsa a kan gaskit, ya tafi ya dawo. Tsakiya ba ta motsi sosai, bakin nan biyu su ne ke shan tafiyar. Shi ya sa za ka ga ɓullewar ta fi yawa a silinda ta farko ko ta ƙarshe, kuma notunan can ne suka fi karyewa. Bayan shekaru ana wannan kai da komo, ƙarfen ba ya komawa daidai yadda aka zuba shi. Yakan ɗan tanƙware, yakan kuma gajarce.

Wannan ne kuma dalilin ƙarar safe. Ƙarfe da sanyi a tsuke yake, kafar a buɗe, duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi na wannan silindar ya buɗe sai ka ji tik. Da ya yi zafi ya kumbura sai ya toshe kafar, ƙarar ta lafa. Ranar da ka ji ƙarar ba ta lafawa ko da zafi, ramin ya girma ke nan.

Kafin a kwance komai, a tabbatar daga ina hayaƙin ke fita. Na sha ganin an ɗora wa gaskit laifi alhali manifol ɗin ne ya tsage a ƙarƙashin gwangwanin da ke rufe shi don tare zafi, musamman a kwarin da bututun silinda biyu suka haɗu. Wani lokaci kuma zoben da ke tsakanin manifol da bututun salansa ne, ko ƙaramin bututun da ke mayar da hayaƙi cikin injin, a motocin da ke da shi. Ƙarar tafet, ƙarfen da ke tura bawul, ita ma tana rikitar da mutane, amma ita daga saman injin take fitowa, ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ce, babu fitar iska a cikinta. Hanya mafi sauƙi: injin a kashe kuma da sanyi, a cire gwangwanin, a sami na'urar hura iska a cusa bakinta a wutsiyar salansa a naɗe da tsumma, sannan a fesa ruwan sabulu a kewayen manifol. Inda ke yoyo zai yi kumfa nan take. Idan babu na'urar, a ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne ɗaya ana bi da shi, a tayar da injin da sanyi, a minti na farko kafin ƙarfe ya yi zafi. A kula da fanka da bel. A kuma duba baƙin tabo na kunkunniya a jikin tof ko a kan wayar filogi, don hayaƙi ba ya fita bai bar sawu ba.

Idan aka kwance, kada a yar da tsohon gaskit. Shi ne babban shaidarka, kuma abin takaici shi ake fara jefarwa. Ka shimfiɗa shi ka duba kewayen kowace ƙofa. Inda aka matse shi da kyau za ka ga zoben ƙofar ya fito raɗau, ya ɗan nutse, yana ƙyalli. Inda ya yi yoyo za ka ga baƙin layi ya tashi daga bakin ƙofa ya nufi waje, yana faɗi kamar harshen wuta. Idan zoben ya fito sosai a ƙofofin tsakiya amma da ƙyar ake ganinsa a na gefe, manifol ya tanƙware. Idan gefe guda ne kawai na ƙofa ɗaya ya yi baƙi, dubi notin da ke wannan gefen, ko ya karye ko bai kama ba. Idan ƙasan duk ƙofofin ne ya yi baƙi sama kuma lafiya lau, ko akasin haka, to wani abu ne ke jan manifol ɗin, zan zo kansa. Idan kuwa gaskit ɗin ya toye gaba ɗaya yana marmashewa a hannu, ko dai marar kyau ne ko zafin injin ya wuce ƙa'ida.

Sai awon fuska, kuma a nan ne nake zargin matsalarka take. A kankare fuskar manifol tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan ƙofofin duka, a tsaye da kuma a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura fila-gej, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara, a ƙarƙashinsa. Ido ba ya ganin wannan, kuma rula ta makaranta ba ta isa ba. Littattafan gyara na kamfanoni sukan ba da iyakar tanƙwarar manifol tsakanin 0.3 da 0.7 na milimita, gwargwadon injin, sai ka nemi na motarka. Ni dai idan na auna na ga ya kusa rabin milimita a injin da ya riga ya cinye gaskit fiye da ɗaya, ba na jayayya, wurin masu injin gyaran fuskar ƙarfe nake aikawa a share shi. Idan tanƙwarar kaɗan ce ƙwarai ana iya manna samfefa mai kaushi a kan gilashi mai kauri ko dutsen da aka tabbatar a shafe yake, a riƙa goga manifol ɗin a kai. Ka shafa wa fuskar baƙin maka tukuna, inda baƙin ya rage bayan gugar nan ne kwari. Aiki ne mai cin rai, amma yana yi. Abin da ba na so in gani shi ne giranda ta hannu. Da ita sai a cire tudu ɗaya a haƙa rami uku, gyaran gangar auzinawa ke nan.

Fuskar tof ma a auna ta, ita iyakarta ta fi tsanani, yawanci wajen 0.1 na milimita. Tof bai cika tanƙwarewa ta wannan gefen ba, amma idan an daɗe ana yawo da yoyon, hayaƙi kan zaizaye bakin ƙofar ya yi 'yar kwata, musamman a alminiyam. Bi wurin da farce, idan farce ya maƙale, akwai ta. Wajen kankare tsohon gaskit daga alminiyam a yi a hankali, kada a sa kurfi ko burushin ƙarfe na injin. Kuma idan gaskit ɗin na asali ne tun daga kamfani a tsohuwar mota, yana iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu. A jiƙa shi kafin a kankare, kada a hura shi da iska.

Yanzu notuna. Yawancin injina suna amfani da sitod, wato ƙarfen nan marar kai mai haƙora baki biyu da ake dasawa a jikin tof, a zura manifol a kai, a ɗaure da noti. Wasu kuma noti mai kai ne kai tsaye. Ko wanne ne, yana riƙewa ne saboda idan aka ɗaure shi yakan ɗan miƙe, yana ƙoƙarin komawa, wannan jan shi ne matsin. Ƙarfen da ya shekara ashirin yana shiga wuta yana fita ya gaji, tsatsa ta ci wuyansa, ba ya da sauran wannan jan. Za ka ɗaure shi ya yi kamar ya kama, bayan zafi biyu uku ya saki. Mayar da tsofaffin sitod a kan sabon gaskit na cikin manyan dalilan da aiki ke dawowa. A canja su duka, da notunansu da washoshinsu, a sa masu lamba 8.8 ko 10.9 ko kuma na asali na kamfanin. Noti mai roba a ciki ba na nan ba ne, robar za ta narke. Washa mai tsaga ma zafi yana kashe ƙarfinta. Abin da ake so shi ne washa mai kauri mai tauri, da notin salansa na ainihi, wanda aka yi wa rufin jan ƙarfe aka ɗan matse bakinsa don kada ya warware. Idan ka tarar kamfani ya sa dogayen sitod da wani ɗan bututun ƙarfe a ƙarƙashin noti, kada wani ya ce maka ado ne ya cire. Dogon ƙarfe ya fi gajere jure miƙewa da tsukewa ba tare da ya saki ba, don haka aka yi shi.

Akwai wata ɓoyayyar matsala da nake so ka sa ido a kai. Ramin da noti ke shiga a jikin tof yakan cika da tsatsa da datti a ƙasansa. Sai noti ya dira a kan dattin, sifana ta yi tauri, bakanike ya ce ya kama, alhali kan notin ko taɓa manifol bai yi da ƙarfi ba. Haka ma idan an share fuskar manifol ya rage kauri, noti na iya kai ƙarshen haƙoran sitod kafin ya matse komai. Gwajin ba wuya: kafin a ɗora manifol, a murɗa kowane noti da hannu har inda ya tsaya, a auna tazarar da ta rage. Dole ta gaza kaurin manifol da washa. A wanke haƙoran ramin da abin share haƙora, a hure shi da iska. Idan kuwa noti yana ta juyawa ba ya kamawa, haƙoran ramin sun cinye, abin da ya fi faruwa a tof na alminiyam. Maganinsa a faɗaɗa ramin a saka sabbin haƙora na waya irin su Helicoil. Cusa noti mafi girma da ƙarfin tsiya ba gyara ba ne.

Idan aka tarar da sitod a karye, wanda ina kyautata zaton za a tarar, haƙuri ake so. In akwai saura a waje, a jiƙa shi da man warware tsatsa tun daren jiya, a gasa kewayensa, a riƙa murɗawa gaba da baya kaɗan-kaɗan. In ya karye daidai da fuska ko ya ɗan nutse, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗora washa da noti a kan guntun, mai walda ya cike tsakiyar notin ya haɗe su. Zafin waldar da kansa yana karya tsatsar, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, sai a bari ya ɗan huce a murɗo shi. A cire kan batir kafin a fara. In dole sai an huda, a buga alama a tsakiya cif, a fara da siririn baki, a naɗa salatif a jikin bakin a matsayin iyakar zurfi, domin bayan ramin nan da 'yan milimita hanyar ruwa ce, kuma huda ta na nufin sauke tof gaba ɗaya. Akwai bakin huda mai juyin hagu, sau da yawa yana cikin huda guntun zai biyo shi ya fito. Wanda nake tsoro shi ne siririn ƙarfen nan mai tauri da ake bugawa cikin ramin a murɗo guntu da shi. Idan ya karye a ciki ka shiga uku, don ya fi bakin huda tauri. A wasu tsofaffin injina ma ramin sitod da gangan ya zarce cikin hanyar ruwa, idan ka cire ka ga ruwa ya biyo kada ka firgita, sai dai sabon yana buƙatar gam na toshe haƙora.

Kafin a sa gaskit, a gwada zura manifol a kan sitod haka nan. Ya kamata ya shige da hannu ya zauna. Idan sai an sa guduma, ya gajarce, ramukan gefe sun daina daidaita da sitod. Leƙa cikin ramin za ka ga gefe guda ya goge yana ƙyalli, nan ne yake tokare sitod. Manifol ɗin da aka tura da ƙarfi a haka, da ya huce zai ja sitod ɗin gefe har ya karya shi. A sa magagari zagayayye a ɗan faɗaɗa ramukan gefen ta inda suke gogar. Kamfani da kansa yakan yi ramukan gefe da faɗi fiye da na tsakiya saboda wannan tafiyar, don haka na tsakiya a bar su yadda suke, su ne ke tsayar da shi a mazauninsa.

Wane gaskit za a saya? Iri uku ne aka fi samu. Akwai na fallayen ƙarfe da aka jera, yana da ƙarko ƙwarai kuma yana barin manifol ya zame a kansa, amma ba ya yafe fuska marar kyau, sai an share ta sumul. Akwai na girafait mai ƙarfe a tsakiya, yana da laushi, yana nutsewa ya cike ƙananan ramuka, shi na fi zaɓa wa tsohon injin da fuskarsa ta ga duniya. Akwai kuma na jan ƙarfe, yana jure zafi amma yana son a riƙa bibiyar ɗaurinsa. Idan gaskit ɗin fuska ɗaya ƙarfe ce ɗaya mai laushi, yawanci ta ƙarfen ce ke kallon manifol, sai dai a bi rubutun da ke jiki in akwai. A ɗora shi a kan tof a tabbatar ƙofofinsa ba su fi na injin ƙanƙanta ba, don gefen da ya leƙo cikin hanyar hayaƙi nan wuta za ta fara ci. Wasu tsofaffin injina masu tof na ƙarfen zubi ma ba su zo da gaskit daga kamfani ba sam, ƙarfe ne kan ƙarfe, abin da zai nuna maka cewa kyan fuska ne ke toshe hayaƙi tun asali.

Gam ɗin da aka shafa maka kuwa, bai taimaka ba. Gam na siliki mafi jure zafi iyakarsa ba ta wuce wajen digiri 370 ba, shi ma na ɗan lokaci, hayaƙin da ke fitowa daga silinda kuwa ya ninka haka. Idan aka lafta shi da kauri sai ya ƙone ya bar gurbi, matsin ya saki. Wani irinsa ma tururinsa yana lalata sensar iskar oksijin, na'urar da ke auna oksijin ɗin da ke cikin hayaƙi. Haɗa gaskit biyu shi ma dabara ce ta kwana kaɗan: ninki biyu na abu mai laushi yana nufin ninki biyu na nutsewa, notuna su saki da wuri.

Wajen ɗaurewa akwai tsari. Da farko a sassauta bututun salansa daga manifol, da duk wani ƙarfen tallafi, don manifol ya zauna a kan tof babu mai jan sa. A sa notuna duka da hannu. Sannan a fara ɗaurewa daga tsakiya ana fita waje, sama da ƙasa, hagu da dama, a zagaye biyu ko uku, ana ƙara ƙarfi a kowane zagaye. Wanda ya fara da gefe ya kulle tanƙwarar a tsakiya. A yi amfani da sifanar awon ɗauri. Sitod mai kaurin milimita 8 yawanci wajen 20 zuwa 25 ne a ma'aunin Nm na ƙarfin ɗauri, mai milimita 10 kuma wajen 35 zuwa 45, amma adadin da ke littafin injinka shi ne gaba. In an shafa man hana kamewa a haƙora, noti zai fi santsi, sai a rage ƙarfin da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in ba haka ba an wuce iyaka ba a sani ba. Masu cewa a ƙara masa ƙarfi don kada ya sake yoyo su ne ke jawo karyewar sitod da tsagewar manifol, domin sun hana shi tafiyar da dole sai ya yi. Idan injinka irin wanda manifol ɗin shigar mai da na hayaƙi suke gefe ɗaya ne, noti ɗaya da washa mai kauri na danne kunnuwansu biyu, to kaurin kunnuwan dole ya zo ɗaya. Aka share ɗaya aka bar ɗaya, washa za ta karkace ta danne mai kaurin kawai.

Sai bayan manifol ya gama zama ake haɗa bututun salansa, kuma a nan ne jan da na ambata yake. Bututun ya kamata ya zo bakin manifol da kansa. Idan sai mutum biyu sun danna shi da ƙarfe kafin noti ya shiga, wannan nauyin a kan manifol zai ƙare. Duba robobin da ke rataye salansa, idan sun tsinke nauyinta duka yana lilo a wuyan manifol. Duba robobin zaman injin, idan sun fashe injin yana tsalle duk lokacin da aka taka totur, salansa kuma tana riƙe da shi. Duba kuma guntun bututun nan mai saƙar waya da ke lanƙwasa, in motar tana da shi, don sau da yawa idan ya ɓulle sai a yanke shi a yi waldar sandararren bututu a gurbinsa, daga nan girgizar injin ba ta da inda za ta huce sai a gaskit. Ƙarfen tallafin da ke riƙe manifol da jikin injin ma makanikai kan manta da shi a ƙasa don wuyar sakawa. A mayar da shi.

Abu na gaba shi ne zafin da ya wuce kima. Taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, idan ya yi baya yana sa mai ya ci gaba da ci har bawul ya buɗe, wutar ta fito cikin manifol. Ƙarancin mai a haɗin iska, ko daga kafireta ko daga toshewar injekta, shi ma yana ƙara zafi. Filogin da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen mai ya je ya kama a manifol. Katalis mai tace hayaƙi ko tukunyar salansa da ta toshe kuma tana tare hayaƙi, zafi da matsi su taru a baya, mota ta rasa ƙarfi a kan tudu. Gwaji mai sauƙi: da duhu, bayan tafiya ta yau da kullum, buɗe bonet injin yana silo. Idan ka ga manifol ya yi ja, akwai magana, kuma sai an warware ta kafin kowane gaskit ya zauna. A daina kuma watsa wa injin ruwa yana da zafi, ƙarfen zubi ba ya son sanyin farat ɗaya.

Idan motarka mai kwamfuta ce, wannan yoyon yana taɓa aljihunka ta wata hanyar. Tsakanin bugun hayaƙi da bugu, kafar tana zuƙo iskar waje, sensa ta ga oksijin ya yi yawa, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara. Sai shan mai ya ƙaru, filogi su yi baƙi, wani lokaci wutar gargaɗi ta kama da lambar P0171. Kada a saya maka sabuwar sensa kafin a toshe yoyon.

In an sami tsaga a manifol, shawarata a nemi wani, sabo ko na hannu mai lafiya, shi ma a auna fuskarsa kafin a saka. Ana yi wa ƙarfen zubi walda, amma aikin gwani ne: a huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, a gasa ƙarfen duka tukuna, a yi da sandar nikel kaɗan-kaɗan, a rufe shi ya huce a hankali. Ko an yi haka waldar takan ja fuskar ta karkace, don haka sai an sake share ta, kuma tsohon ƙarfen da wuta ta gama cinyewa yakan sake tsagewa a gefen waldar. Sai in manifol ɗin ba ya samuwa ne nake yarda da ita.

Bayan an haɗa komai, a tayar da injin ya yi zafi sosai, a kashe, a bar shi ya huce sarai, zai fi kyau ya kwana. Sannan a sake bin notunan da sifanar awo, daga tsakiya zuwa waje, da adadin farko. Za ka ga wasu sun ƙara juyawa, musamman in gaskit na girafait ne, don ya nutse. Wannan mataki ne da kusan kowa ke tsallakewa, domin mai mota ya riga ya tafi, kuma shi kaɗai ya isa ya sa aiki mai kyau ya dawo bayan wata guda. Ka gaya wa bakanikenka tun farko cewa za ka dawo da motar don wannan, a sake bi bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, sannan a mayar da gwangwanin tare zafi, don shi ke kare wayoyi da tiyon da ke kusa.